Daga tukunyar Bagadaza zuwa kwalbar fetur ta Ƙonni

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Ƙonni zuwa Malbaza ya san kwalaben fetur da ake jerawa a bakin titi. Man da ke cikinsu ya samu ne ta wata dabara da ta haura shekara 1,000, wadda nake koya wa ɗalibai malamai a darasin kimiyyar sinadarai, wato tacewa ta hanyar tururi.

Asalin dabarar ba wuya. Kowane ruwa yana da zafin da yake tafasa. Ruwan sha digiri 100 ne, alkwal 78. Idan aka ɗora gaurayensu a wuta, mai saurin tafasa shi ke rinjaye a tururin farko. Sai a bi da tururin ta bututu mai sanyi, ya koma ruwa, ya ɗiga a wani mazubi.

Malaman zamanin Abbasiyawa sun yi wa wannan aiki hidima sosai. A Bagadaza, a ƙarni na 9, Al-Kindi ya rubuta littafi kan haɗa turare da tace shi. Bayansa Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen 925, ya bayyana yadda ake tace baƙin mai a samu farin mai. Tukunyar da suke aiki da ita sunanta al-anbiƙ, kuma daga nan Faransanci ya samo kalmar alambic da ke cikin littattafan makarantunmu. A 1853 wani mai haɗa magunguna ɗan Poland, Ignacy Lukasiewicz, ya tace kananzir ya yi masa fitila, kasuwar mai ta buɗe.

Mu a Nijar sai a Nuwamban 2011 muka sami tamu tukunyar, matatar SORAZ a arewacin Damagaram, wadda aka gina don tace ganga 20,000 na ɗanyen man Agadem a rana. Doguwar hasumiyarta jikar al-anbiƙ ce. Gas yana fita ta ƙoli, fetur na bi masa, sannan masu nauyi irin su gazuwal can ƙasa, kowa da zafin tafasarsa.

To, nan ne tarihin ya shigo gidajenmu. Mafi sauƙin sinadaran fetur suna fara tafasa tun wajen digiri 35, alhali zafin Ƙonni a watan Afrilu yana wuce 40. Shi ya sa jarka ke kumbura a rana. Kananzir kuwa sai ya kai wajen 150. Wanda ya zuba fetur cikin kananzir don ya ƙara riba, ya rushe aikin da matata ta yi, ya cika tankin risho da tururi mai jiran ashana.

Harshe ma yana da nasa tarkon a bakin iyaka. Abin da Faransanci ke kira pétrole kananzir ne, amma fetur ɗin da muka aro daga Ingilishi man mota ne. Yaron da aka aika sayen mai yana iya dawowa da ajali a kwalba.

Don haka nake roƙon abokan aikina na Ƙonni da Malbaza da Illela kada su bar darasin nan a kan allo. Buta da tiyo da bokitin ruwan sanyi sun isa a raba ruwa da gishiri a gaban yara. Ɗalibin da ya ga tururi ya koma ruwa da idonsa, shi zai hana a ajiye jarkar fetur kusa da murhu a gidansu.