Gigin tsufa: ƙwayar halitta ta ƙira da binciken tushen cutar

A Yauri da sauran garuruwan yankin Matameye, idan tsohuwa ta fara manta sunayen jikokinta, ko ta ɓace a hanyar rijiya, sai a ce gigin tsufa ne, wasu su ce iskoki ne. Sau da yawa kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutane sama da miliyan 55 ne ke fama da shi, akasarinsu da nau'in da ake kira Alzheimer.

Me ke faruwa a ƙwaƙwalwa?

Jiki na aiki da sinadaran da ake kira furotin. Idan wasunsu suka lalace, sai su manne da juna su dunƙule, kamar yadda madara ke daskarewa ta zama kindirmo. Likita Alois Alzheimer na Jamus ya bayyana irin waɗannan dunƙule-dunƙule a 1906. A cutar Parkinson mai sa karkarwa, a 1997 aka gano furotin ɗin da ke taruwa, wato alpha-synuclein.

Mece ce ƙwayar halitta ta ƙira?

Ƙwayar ƙwaƙwalwa na ɗauke da dubban sinadarai, shi ya sa gane wanda ya fara ɓarnar ke da wuya. Sai masana suka koma haɗa ƴar jaka ta maiƙo ko ɗigon ruwa da ido ba ya gani, su zuba furotin guda a ciki, su sa ido da madubin bincike. Ba ta da rai, amma tana kwaikwayon matsatsin cikin ƙwaya. Thomas Chang ne ya fara irin wannan ƙira a jami'ar McGill ta Kanada a 1957.

A 2022, masu bincike a jami'ar Radboud ta Holand sun nuna cewa wani ɗigon na hanzarta dunƙulewar alpha-synuclein, wani kuma na rage ta. Ke nan muhallin da furotin ke ciki na da tasiri, kuma nan ake fatan samo magani.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da Alzheimer ko Parkinson, sai dai masu rage alamomi. Duk da haka, a kai tsoho asibiti da wuri, domin wata mantuwar daga hawan jini ko ƙarancin bitamin B12 take, kuma waɗannan ana kula da su.