Tarihin Sabon Badun Da Wuraren Da Ya Kamata Baƙin Taronmu Su Gani

Tunda wakilai za su zo taron ƙungiyarmu daga Shagamu da Agege da Abekuta da sauran zangogi, mun ga ya dace mu tuna wa junanmu tarihin unguwar nan, don kada baƙo ya tambaye mu mu tsaya sosa ƙeya.

Hausawa sun daɗe a Ibadan, ko Badun kamar yadda iyayenmu ke faɗa, suna zaune cikin gari tare da Yarbawa. Sai a 1916 aka ware musu wannan fili a gindin dutsen Mokola, aka ce masa Sabo. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, to daga nan fatauci ya buɗe: shanu su gangaro kudu, goro ya haura arewa.

Abin da ya riƙe Sabo shi ne tsarin maigida. Bafatake zai sauka gidan maigidansa, ya ci ya kwana, ya bar masa ajiyar kuɗi. Saniyar arewa ba ta jure ƙudan tsando na kurmi, dole a sayar da ita da wuri kafin ta rame. Mahautan gari kuwa ba su da kuɗi a hannu. Sai dillalin maigida ya ba da ita bashi, maigida ya tsaya wa mai dabba. Babu takarda, babu sa hannu. In mahauci ya ci amana, labari ya zaga kara, ba mai sake ba shi ko ɗan maraƙi.

Wani abin mamaki, wanda ya zauna ya rubuta wannan duka Bayahude ne, sunansa Abner Cohen, haifaffen Bagadaza a 1921. Ya yi bincikensa a Sabo daga 1962 zuwa 1963, ya ƙirga Hausawa dubu 4 da 'yan kai, littafinsa ya fito a 1969, ya rasu a 2001. Mutum ne da kakanninsa suka san zaman baƙunta da kasuwanci a ƙasar wasu, muna ganin shi ya sa ya gane mu da sauri. Amma akwai inda ba mu tare da shi. Da ya zo kan yadda mutanen Sabo suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya wajen 1951 da 1952, har suka daina zuwa masallacin gari suka tsayar da Juma'arsu, sai ya fassara abin da siyasa, wai dabara ce ta kare cinikin shanu da goro lokacin da jam'iyyu suka fara raunana ikon sarakunan baƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba mu musa ba. Sai dai wanda ya ga dattawan nan a zaman wazifa ya san ba lissafin riba kaɗai ya zaunar da su ba.

To, ina za a kai baƙi? A fara da babban masallacin Sabo da gidan Sarkin Hausawa, a gaisa da dattawa, sannan a bi layin 'yan canji. Daga nan a hau Oke Are, inda aka gina hasumiyar tunawa da Kyaftin Bower a 1936. Daga samanta ana hango jajayen kwanukan Badun har ƙarshen gani, amma matakalar tana da matsi, dattijo mai ciwon gwiwa ya haƙura. Zauren Mapo na 1929 ba nisa daga nan. A Dugbe akwai Cocoa House mai hawa 26, wanda aka gama a 1965 da kuɗin koko.

Malamai kuwa mu kai su Jami'ar Ibadan, wadda aka buɗe a 1948. Ɗakin karatunta na ajiye da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na malaman arewa, kuma a harabarta ne ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa take, inda fayilolin zamanin Turawa ke kwance.

Wanda ke da ƙarfin zuciya ya leƙa Shasha, inda rikicin watan Fabrairun 2021 ya ci rayuka da rumfunan 'yan'uwa, ya yi musu addu'a. Da yamma a dawo Sabo a ci tsire.

Allah ya kawo baƙinmu lafiya, ya jiƙan magabata.