Tarihin Yaɓe da Gyaran Bango a Ƙasar Badarawa

Yaɓe shi ne shafa kwaɓaɓɓiyar ƙasa a jikin bango domin a rufe tubali, a kuma kare ginin daga ruwan sama. A Badarawa ta ƙasar Shinkafi, haka ma Zurmi da Ƙaura Namoda, da ƙasa aka gina ɗakuna da zauruka da rumbuna tun kaka da kakanni. Ginin ƙasa kuwa ba ya ƙarko sai da gyara, shi ya sa yaɓe ya zama aikin shekara-shekara, ana yin sa da rani bayan an kawar da amfanin gona.

Magina kan haƙo ƙasa daga kududdufi, su zuba mata yankakkiyar ciyawa da kashin dabbobi, su tattake ta da ƙafa, su bar ta ta yi kwanaki tana tsima. Ranar aiki magini zai fara kankare tsohon yaɓen da ya kumbura, ya toshe tsaga da ramukan gara, ya yayyafa ruwa. Sannan ya dunƙulo ƙasa ya maka, ya bi ta da tafin hannu, har shatin yatsunsa ya fito jere a jikin katanga.

Inda ruwa ya fi duka akan ƙara da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Soron masu hali kuwa laso ake yi masa: katsin marina da gashin jima da dafara, haɗin da ke hana yoyo. Cikin ɗaki aikin mata ne. Su ke daɓe, su shafa farar ƙasa, su yi wa amarya jere.

Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, kayan gini na waje suka sami hanyar shigowa yankin, kwanon rufi ya fara maye gurbin azara sannu a hankali. Kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato ya fara aiki a 1967, daga nan bulo da fulasta suka yaɗu. Sai dai simintin da aka yaɓa wa bangon ƙasa ba ya kama shi sosai. Ruwa kan shiga ta bayansa, ya ɓamɓare fale-fale. Laso kuma ya yi wuyar samu tun da marina suka ja baya.

A gidajen zamani yanzu akwai fenti da takardar adon bango, wadda idan aka ɗaye ta takan tafi da fatar fulasta. Gyaran irin wannan bango bai bar tsarin magina na da ba: a kankare abin da ya saki, a wanke gam, a cike ramuka, a bari ya bushe sarai, a goge, sannan a shafa fenti. A ƙauyukan yankin kuwa har yau ana yaɓen ƙasa kafin damina ta faɗi.