Waye ke tsaron Bagudo? Tarihin da ya kai mu nan

1/ Duk lokacin da wani abu ya faru a Bagudo sai in ga tambaya ɗaya tana yawo: ina 'yan sanda suke? Ni ma na sha yin ta. Amma amsar ta girmi DPO, ta girmi jihar Kebbi kanta da aka ƙirƙira a 1991. Ku ɗan ba ni aron hankalinku, zaren yana da tsawo.

2/ Mu fara da Illo. Kafin zuwan Turawa, Illo mashiga ce ta fataken goro. Ayari ya taso daga Kano ko Sakkwato, ya bi ta Jega, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu har Salaga a Gwanja. Hanyar nan ta yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi, shi ya sa ba a tafiya sai da madugu da jagaba da masu kwari da baka.

3/ Ga abin lura a nan. Kuɗin da fatake ke biya a kowane gari ba sadaka ba ce. Ka biya, sarkin garin ya ɗauki nauyin lafiyarka a cikin ƙasarsa. In aka yawaita tare mutane a yankinsa, ayari ya sauya hanya, shi ke da asara. Wato mai karɓar kuɗin hanya shi ne mai amsa tambaya in abu ya ɓaci.

4/ Sai Yunin 1898, Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka ja layi. Illo ta faɗo hannun Ingila, Segbana da Kandi suka tafi Dahomey, wadda muke kira Benin yau. Bokawa da Kyangawa da Dandawa da Fulani da Hausawa suka wayi gari dangi ɗaya, ƙasa biyu. Aure bai tsaya ba, kasuwa ba ta tsaya ba, kiwo ma haka. Abin da ya tsaya a kan layin shi ne ikon mai kama ɓarawo.

5/ Zamanin En'e, tsaro na hannun dogarai da 'yan doka ƙarƙashin masarautar Gwandu, sai hakimi da dagaci da mai unguwa. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin bin sawu. An sace sa da dare, da asuba mutane su bi sawun har garin da ya shiga. Mai garin nan ko dai ya nuna inda sawun ya fita, ko ya nemo ɓarawon a cikin mutanensa. Baƙo kuwa ba ya kwana a gari sai mai unguwa ya san gidan da ya sauka.

6/ Kada ku ce ina kewar En'e fa. 'Yan dokan nan su ne aka riƙa turawa talaka kan haraji da jangali, su ne aka yi amfani da su wajen muzguna wa 'yan adawa irin su NEPU a Arewa. Wannan zaluncin na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Gowon ta rushe su ta haɗe su cikin 'yan sandan tarayya. An yi maganin ciwo ɗaya, gaskiya ne.

7/ Amma an zubar da wani abu tare da su. Ɗan doka ya san ɗan gidan waye kai, ya san harshenka, ya san wace labi ke zuwa wane mashaya. Ɗan sandan yau ana iya turo shi daga ko'ina, bai jin Bokanci ko Fulatanci, kafin ya gane hanyoyin daji an ɗauke shi. Ba laifinsa ba ne. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tal a ƙasar nan, kuma umarninta daga sama yake gangarowa. Dagaci ya san komai amma ba shi da iko, mai iko kuma bai san kowa ba.

8/ Wani zai ce ai akwai jami'ai birjik a hanyar Lolo da ta Tsamiya. Haka ne, duk wanda ya bi ya san yawan shingayen. To amma me ake dubawa? Buhun shinkafa da jarkar fetur. Ido na kan kaya.

9/ A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki, a Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Fasa-ƙwauri bai mutu ba, daji ya koma. Samari suka haddace kowace ɓarauniyar hanya da babur, da dare, ba fitila. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ribar jarka ta ragu sosai, amma hanyoyin suna nan, waɗanda suka san su ma suna nan, ga talauci. Ku haɗa lissafin da kanku.

10/ Bara waccan aka ɗauke babur ɗin kawuna ranar kasuwa. Muka je wani ofishi, ba zan faɗi wanne ba, aka rubuta bayani, aka ce motar ba mai. Muka haɗa kuɗin. Kafin a tashi motar, wani ɗan acaɓa ya ce mana an ga babur ɗin ya riga ya tsallaka. Jami'in ya dube mu ya ce shi ikonsa ya ƙare a iyaka. Wallahi ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Ɓarawon ne kaɗai ba ya buƙatar takarda daga Abuja ko Kwatano.

11/ Da ma a satar babur da shanu aka tsaya. Arewacin Benin ya rikice, 'yan JNIM sun yi kaka-gida a dajin W. A Janairun 2025 sun kashe sojojin Benin 28, a Afrilu gwamnatin ƙasar da kanta ta ce an kashe 54. Jihar Alibori ke nan, wadda muke kasuwa ɗaya da ita. Ta arewa kuma Lakurawa, waɗanda suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024. A ƙarshen Oktoban 2025 har cikin garin Bagudo aka shiga aka ɗauke mataimakin kakakin majalisar dokokin jiha. Allah ya kuɓutar da shi, amma manomin Kaoje da ya ji labarin me zai ce wa kansa?

12/ Shi ya sa mutane ke komawa ga 'yan sa-kai da mafarauta, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai mu tuna yadda Lakurawa suka samu wurin zama a Tangaza da Gudu: da sunan masu taimako kan ɓarayin shanu suka shigo. Daga baya su suka koma karɓar shanun da sunan zakka.

13/ Yanzu ana ta maganar 'yan sandan jihohi. Ni ina goyon baya, da sharaɗi. In gwamna ne kaɗai zai riƙe linzaminsu, mun dawo da 'yan doka ke nan da sabon kaki, kuma dattawan NEPU da suka rage za su gaya muku yadda ta kaya. Abin da nake so in ji shi ne: wa zai ɗauki ɗan Illo da ɗan Zagga aiki ya bar su a yankinsu, wa talaka zai kai wa ƙara in sun ci zalinsa, kuma wa zai ba DPO damar kiran takwaransa na Segbana kai tsaye tun sawun bai bushe ba?

14/ Kawu dai ya sayi wani babur ɗin da bashi. Yanzu a ɗakin kwanansa yake ajiye shi, ranar kasuwa kuma a ƙafa yake zuwa.