Ɗaki Kafin Na'ura: Tasirin Tsarin Gini a kan Sauti a Ɗakin Kallon Fina-finai na Gida

Tsakure

Wannan maƙala tana kafa hujja cewa ingancin ɗakin da aka keɓe don kallon fina-finai a gida ya fi rataya a kan awon ɗakin da abin da aka lulluɓe bangonsa da shi da wurin zaman mai kallo, fiye da tsadar lasifika ko majigi.

Tushen wannan magana ya koma ga aikin Wallace Clement Sabine na Jami'ar Harvard a Amurka. A shekarar 1895 aka ɗora masa gyaran wani zauren lacca a gidan adana kayan zane na Fogg, inda kalma ɗaya kan yi fiye da sakan biyar tana yawo kafin ta mutu, har ɗalibai ba sa gane abin da malami ke faɗa. Sabine ya riƙa shigo da matasan kujeru yana fitar da su cikin dare, yana auna daɗewar amo, har ya gano cewa daɗewar tana ƙaruwa da girman ɗaki, tana kuma raguwa da yawan abin da ke shanye sauti. Abin da wannan ya tabbatar shi ne, kunne ba ya jin lasifika ita kaɗai. Yana jin ta ne haɗe da duk abin da bango da rufi da daɓe suka mayar masa.

A ƙaramin ɗaki kuwa, akwai matsalar da ta fi daɗewar amo tsanani, wato yadda sauti mai kauri ke maƙalewa tsakanin bango biyu masu fuskantar juna. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, kuma idan aka raba wannan adadi da ninkin tazarar bangon biyu, za a sami muryar da ɗakin zai kumbura. A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4 da tsayin mita 3, awon da ba baƙo ba ne a gidajenmu. Tsawonsa yana kumbura sauti a wajen Hz 29 (Hz shi ne ma'aunin yawan kaɗawar sauti a sakan ɗaya), faɗinsa a 43, tsayinsa a 57. Amma ninkin 29 ɗin nan na tsawo shi ma a wajen 57 yake faɗuwa, saboda 6 ninkin 3 ne. Ke nan murya guda ta sami ƙarfi daga fuska biyu, sai ta danne sauran, yayin da wanda ya zauna a tsakiyar tsawon ɗakin zai rasa murya mafi kauri kusan gaba ɗaya, domin a nan ne sautin da ya tafi da wanda ya dawo suke kashe juna. Wannan aibi tun a takardar zanen gini aka haife shi, kuma a can ne gyaransa ya fi araha: a guje wa awon da ɗaya yake ninkin ɗaya.

Wani zai ce ai na'urorin zamani, irin masu manhajar Audyssey ko Dirac, suna auna ɗaki da makirufo su daidaita sautin da kansu. Gaskiya ne suna rage muryar da ta yi yawa, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Sai dai ba sa iya cike gurbin muryar da ta ɓace, domin duk ƙarfin da aka ƙara wa lasifika, daidai shi za a ƙara wa sautin da bango ya dawo da shi, su sake kashe juna. Haka kuma gyaran da ya dace da kujera ɗaya yakan ɓata wa ta kusa da ita. Abin da ke taimakawa a nan shi ne sauya wurin zama, ko a sa lasifikar sauti mai kauri guda biyu a wurare daban, kamar yadda binciken Todd Welti na kamfanin Harman ya nuna.

Akwai kuma masu ganin kafet da labule da siririn soso sun wadatar. A gidan da aka gina da bulon siminti aka shimfiɗa masa tayil, lallai za su rage kaifin amsa-kuwwa, magana ta fito sarai. Amma igiyar sauti ta Hz 57 tana da tsawon kusan mita 6, kuma abu mai laushi ba ya shanye ta sosai sai kaurinsa ko nisansa da bango ya doshi rubu'in wannan tsawo, wato mita ɗaya da rabi. Soson da bai wuce kaurin yatsa biyu ba siraran muryoyi kawai yake ci, ya bar ɗakin yana gunji. Maganin yana cikin kusurwoyi, inda za a cusa abin shanye sauti mai kauri sosai, kuma dole a ware masa fili tun farko.

Batun fili ne ya kawo mu ga al'adar jingina kujera da bango, wadda ta dace da falon karɓar baƙi amma take cutar da ɗakin kallo. Ƙa'idar BS.775 ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta tanadi lasifikun gaba a digiri 30 dama da hagu, na gefe kuma tsakanin digiri 100 zuwa 120, wato ɗan bayan kafaɗar mai kallo. Wanda ƙeyarsa ke taɓa bango ba shi da bayan da za a ajiye su, ga shi kuma ya zauna a daidai inda sauti mai kauri yake taruwa.