Masana'antun Takarda a Nijeriya da Haƙƙin Al'ummar da ke Kewaye da Su

Tarihin sarrafa takarda a Nijeriya ya ta'allaƙa ne a kan masana'antu uku waɗanda gwamnatin tarayya ta mallaka. Akwai ta Jebba a Jihar Kwara, wadda ta fara aiki a 1969, da ta Oku Iboku a Jihar Akwa Ibom ta yau, wadda aka buɗe a 1986 domin samar da takardar buga jaridu, sai ta Iwopin a Jihar Ogun, wadda aka tsara domin takardar rubutu da ta ɗab'in littattafai.

Takarda daga ƙullun itace ake yin ta, don haka sai da aka tanadi itacen. Daga 1979, da rancen Bankin Duniya, aka riƙa sare sassan gandun dajin Omo a Ogun da na Oluwa a Ondo ana dasa malaina, itaciyar da asalinta daga nahiyar Asiya take, saboda saurin girmanta. Dajin da aka sare kuwa ba kango ba ne. Omo na cikin 'yan wuraren da giwayen kurmi suka rage a kudu maso yammacin ƙasar nan, kuma mazauna yankin sun daɗe suna samun nama da magani da itacen girki a cikinsa.

A nan ne batun haƙƙin al'umma ya taso. A lokacin da aka tsara waɗannan ayyuka babu dokar da ta wajabta wa kamfani ya auna illar aikinsa ga muhalli da mutane kafin ya fara. Hukumar kare muhalli ta tarayya sai a 1988 aka kafa ta, dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli kuma sai a 1992 ta fito. Daɗin daɗawa, gwamnati ce mai masana'antar, ita ce mai iko da ƙasa tun bayan dokar filaye ta 1978, ita ce kuma mai sa ido. Wanda aka cuta, wa zai kai wa ƙara?

A ganina, abin da ya fi ciwo shi ne asarar dajin ba ta haifar da abin da aka yi ta dominsa ba. Zaren malaina gajere ne, dole sai an haɗa shi da ƙullu mai dogon zare da ake sayowa daga waje. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sayen ƙullun da kayan gyaran injuna ya gagara. Kafin ƙarshen shekarun 1990 duk ukun sun durƙushe, ta Iwopin ma ba ta taɓa yin aiki yadda aka tsara ba. Ma'aikata suka watse, garuruwan da suka dogara da albashinsu suka shiga ƙunci. Daga 2006 aka fara sayar da masana'antun ga 'yan kasuwa, amma mafi yawan takardar da ake buga littattafan makarantunmu da ita har yanzu daga ƙetare take zuwa, kuma iyayen yara ne ke biyan kuɗin.