Daga 'Yar Tsana zuwa Allon Waya: Kwaikwayon Rayuwa a Birnin Kano

Tun kafin kwamfuta ta shigo ƙasar Hausa, yaran Sheshe da sauran unguwannin cikin ganuwar Kano sun san yadda ake gina rayuwa ta wasa. Yarinya kan sami kara ko ƙashi, ta ɗaura masa ƙyalle, ya zama 'yar tsana. Daga nan sai a yi wa 'yar tsanar aure, a kai lefe, a yi jere, a tuƙa tuwon ƙasa. Kafin yarinyar ta isa aure, ta riga ta zama uwar amarya sau da dama.

Idan azumi ya kai kwana 10, tashe yakan fito da wannan kwaikwayo zuwa ƙofar gidaje. A wasan Mairama da Daudu, yarinya ce ke sa riga da hula ta zama maigida. Yaro kuma ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, Nalako ya bi gwagware da zolaya. A karkara, samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu lokacin kalankuwa bayan kaka. A fada ma akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da fadawansa a gaban idonsa.

Dalilin waɗannan wasanni yana cikin tarbiyyar Bahaushe. Kunya ta hana yaro duban idon babba ya faɗi aibinsa, amma in ya ari gemu, sai a yi dariya, saƙon kuma ya isa. Wasa yana ba mutum damar gwada matsayin da bai kai ba, ya yi kuskure ba tare da ya yi asara ba.

Buƙatar nan ce ta haifi The Sims, wanda ya fito a Amurka a shekarar 2000. Mai ƙirƙirarsa, Will Wright, ya rasa gidansa a gobarar Oakland ta 1991, kuma sake haɗa kayan gida ya taimaka wajen cusa masa tunanin wasan. Mai wasa yana gina gida, ya zaɓa wa mutanensa sana'a da abokin zama, kamar dai mai 'yar tsana.

Sai dai mai tashe yana da 'yan kallo, maƙwabta ne da ke jin sukarsa su kuma ba shi sadaka. Mai waya kuwa yawanci shi kaɗai yake a ɗaki. A 'yan shekarun nan 'yan sandan Kano sun sha dakatar da tashe saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi. Yaran Sheshe ba za su daina kwaikwayon rayuwa ba, amma in tashe ya mutu, manya za su rasa wata tsohuwar hanyar jin yadda yara ke kallonsu.